Kano ba ta barci, sai mu ce aljani ne

A bazarar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙanena ya banko ƙofar ɗakinsa ya yo tsakar gida a guje, daga shi sai gajeren wando, yana salati yana cewa bam ya tashi a bayan layinmu. Muka firfito, ni da Umma da iyalina, muka kasa kunne. Babu abin da ke tashi a Kurna a daren nan sai gurnanin janaretan wani maƙwabci da usur ɗin 'yan sintiri can nesa. Na ce masa mafarki ya yi. Ya ce, "Wallahi Yaya ko barcin ban yi ba. Idona ne kawai ya fara lumshewa, sai na ji daram a cikin kaina, har da walƙiya."

Ban yi masa dariya ba. Duk wanda yake garin nan ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ko yake kusa da babban masallacin cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014, ya san ƙarar fashewa ba abin raha ba ce a kunnen Bakano. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya daka tsalle.

Bayan kwana uku abin ya dawo. Wannan karon har da zabura: da barci ya fara ɗaukarsa sai ya ji kamar ya zame daga kan katanga, ƙafarsa ta fizga, gabansa ya yi ta dukan uku-uku. Wani daren kuma ya farka ya kasa ko ɗaga yatsa, yana jin an ɗora masa wani abu mai nauyi a ƙirji, yana son kiran Umma amma murya ta ƙi fita. Wannan kam kowa ya san sunansa, dannau. Kafin mako ya zagayo, wata ƙawar Umma ta kwatanta mana wani shagon masu magani da ruƙiyya, aka kai shi.

Ni ma na bi su, kuma abin da na ji a shagon nan shi ya sa nake wannan rubutu. Mai shagon ya jero tambayoyi kamar mai karanta wasiƙa. Kana zabura in za ka yi barci? Kana mafarkin faɗawa rami? Kana jin kasala da rana? Kanka yana ciwo? Ranka yana ɓaci ba dalili? Kuɗi ba sa zama a hannunka? Ƙanena yana ta gyaɗa kai. Ni ma da ke gefe, a zuciyata duk amsata "e" ce, kuma na tabbata da za a tare masu sauka daga gadar Ƙofar Nasarawa ɗaya bayan ɗaya a yi musu waɗannan tambayoyi, da ƙyar a sami mutum biyu da za su tsira. Aka ce shafar aljanu ce haɗe da sammu. Aka haɗo hayaƙi da man shafawa da jarka biyu ta ruwan tofi, kuɗinsu ya haura balas ɗin da yake biya a mako guda na a-daidaita-sahun da yake ja. Da wannan aka tsaya, da na yi shiru, don kuɗi ana samun wani. Sai mutumin ya rage murya ya ce wa Umma, "Hajiya, a kula da abincin da ake shigo muku da shi. Akwai hannun wata tsohuwa a kusa da ku."

Tsohuwa ɗaya ce take aiko mana da abinci. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta fi shekara talatin a layin, ita ta yi wa ƙanen nawa wankan jego tare da Umma. Muna ce mata Iya. Tun daga ranar, duk kwanon da ta aiko sai a karɓa da fara'a a juye wa kaji.

Bari in share wata hanya tun da wuri, don na san masu jiran su ce ɗan boko ya zo zai ƙaryata gaibu. Ban ƙaryata ba. Aljanu halittar Allah ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, kuma sihiri da kambun baka duk addini ya ambace su. Maganata ita ce, yarda da cewa akwai aljani daban, yarda da cewa duk wata zabura ta bakin barci aikin aljani ce daban. Ta farko imani ce. Ta biyu kuwa da'awa ce, mai yin ta sai ya kawo hujja, musamman in shi ne zai karɓi kuɗin maganin.

Wani abokin karatuna likita ne, muka haɗu a wurin ɗaurin aure na ba shi labari. Ya yi murmushi ya ce in tuna yadda ake tashi daga Kantin Kwari da yamma. Ba a rufe kasuwa lokaci guda. Wannan ya ja ƙofarsa, wancan ya kashe fitila, wani yana ƙirga ciniki, can sai ka ji wani ya sako ƙofar ƙarfe da ƙarfi har ka waiga. Ya ce haka ƙwaƙwalwa take sauka daga farke zuwa barci, sashe-sashe. Tsoka tana saki, numfashi yana lafawa, ɓangaren ji da na gani suna rage aiki. Wani lokaci sai saƙo ya kuɓuce a tsakiyar wannan sauyi. In ya bi ta jijiyoyin motsi, ƙafa ko hannu ko jiki duka ya fizga, ƙwaƙwalwa kuma ta yi maza ta ƙirƙiro masa dalili, wato mafarkin tuntuɓe ko faɗowa daga bene. In ta ɓangaren ji ya bi, shi ne ƙarar da babu mai jin ta sai kai.

Daga baya na bi diddigin maganar, na tarar ba shaci-faɗi ya yi mini ba. Zaburar bakin barci, likitoci sun ƙiyasta mutum 6 zuwa 7 cikin 10 suna yin ta, kuma ba a lissafa ta cikin cututtuka. Abin da kusan kowa yake yi kenan: limami, ɗan dako, Bature a Ingila, jariri a goye. Kyanwar gidanku ma ku lura da ita in ta kwanta a inuwa. Ita kuwa ƙarar, tun 1876 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya rubuta labarin majinyatansa masu jin kamar an harba bindiga a kansu in barci ya zo. A 1988 wani likitan jijiyoyi na Ingila mai suna Pearce ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu, wanda ma'anarsa ita ce ciwon fashewar kai. Sunan ya fi ciwon ban tsoro, don babu abin da ke fashewa, babu jini, babu ma raɗaɗi. An daɗe ana zaton sai waɗanda suka manyanta take samu, sai a 2015 wani masanin halayyar ɗan Adam, Brian Sharpless, ya yi wa ɗaliban jami'a 211 tambayoyi a Amurka, ya tarar kusan 18 cikin 100 sun taɓa jin ta. Yara ne sa'o'in ƙanena, a ƙasar da ba su san Iya ba.

Dannau ya fi su duka ban tsoro, amma shi ne ma aka fi fahimtar yadda yake. Tun 1953 masu bincike a Jami'ar Chicago suka gano akwai wani zango na barci da ido yake ta wulƙitawa a ƙarƙashin fatarsa, kuma a nan ake yin mafi yawan mafarkai masu tsari. Zangon yana zagayowa kusan duk bayan minti 90. A cikinsa ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓin jiki, rahama ce daga Allah, don kada mai mafarkin dambe ya kai wa matarsa naushi. To wani lokaci hankali yakan farka kafin a kwance ɗaurin. Ido biyu, jiki a ɗaure, numfashi na nan sama-sama irin na mai barci, shi ya sa ake jin nauyi a ƙirji. Ragowar mafarkin kuma sai ya biyo ka cikin ɗakin, ka ga inuwa a bakin ƙofa, ka ji taku. Daƙiƙu ne ko mintuna kaɗan ya sake ka. Wani nazari na 2011 da ya tattara binciken ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa, amma a cikin ɗalibai adadin ya kai 28 cikin 100. Me ya haɗa aljani da ɗalibai har ya fi son su ninki uku? Ka je Jami'ar Bayero lokacin jarrabawa ka ga masu kwana a aji, za ka sami amsa.

Akwai binciken da ya fi tsaya mini a rai. A 2013 aka kwatanta masu dannau a Masar da na Denmak. A Masar mutane da yawa suna danganta shi da aljani kamar mu, a Denmak kuwa galibi suna ɗaukarsa wani tangarɗa ne na jiki. Aka tarar na Masar abin ya fi yawan dawo musu, ya fi daɗewa a kansu, kuma sun fi jin tsoron za su mutu a ciki. Wato fassarar da aka ba ka tana shiga cikin ciwon. An ce maka aljani ne, ka ji tsoron kwanciya, ka ƙi barci, rashin barcin ya ƙara janyo abin, ka koma shago a ce ai aljanin taurin kai gare shi, a ƙaro hayaƙi. Haka na ga an yi da ƙanena wata biyu cur. Mai shagon bai warkar da shi ba, amma bai rasa mai saye ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, addinin da ake fakewa da shi bai koyar da haka ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, Khalid bin Walid, jarumin da ake kira Takobin Allah, ya kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yana firgita a cikin barci. Aka koya masa addu'ar neman tsari da kalmomin Allah cikakku, ya riƙa karantawa da bakinsa. Ba a ce ya kawo ko sisi ba, ba a kuma nuna masa wata tsohuwa a Madina ba. Sauran ladubban kwanciya ma kowane ɗan Islamiyya ya haddace su: alwala, kakkaɓe shimfiɗa, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, kwanciya a ɓangaren dama. Ga kuma hadisin da ya nuna Annabi ba ya son hira bayan sallar isha'i. Likitoci sun tabbatar kwanciyar rigingine tana ƙara janyo dannau, kuma tsayayyen lokacin barci yana rage zabura. Ashe maganin yana cikin aljihunmu kyauta, muka bar shi muka tafi saye.

Gaskiyar da ba ma son ji ita ce Kano ba ta barci. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Ƙanena yana fita da mashin bayan sallar asuba, ya wuni cikin hayaƙi da hon da cacar baki da fasinja, ya dawo wajen goma na dare. Maimakon ya kwanta sai majalisa, inda ake dafa shayin nan na Buzaye mai ɗaci, zagaye uku. In ana ƙwallon Turai sai gidan kallo. Ya shigo sha biyu ta wuce, ya kwanta da waya a fuska yana TikTok har ɗaya. Da rana in gyangyaɗi ya kama shi a kan titi, ya sayi lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari ya kora da goro. Sinadarin da ke hana barci a shayi da kofi da goro da waɗannan lemuka iri ɗaya ne, kuma bayan kamar awa 5 da sha rabinsa yana nan a jini. Ka haɗa da zafin Afrilu da yake haura digiri 40, ɗakin kwano, babu wuta, ga sauro, ga tunanin balas ɗin gobe da kuɗin mai. Mutumin da yake barcin awa huɗu a wannan hali, in bai zabura ba ai shi ne abin mamaki.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Uwar gida da take tashi ƙarfe uku saboda sai lokacin famfo yake kawo ruwa ko ake kawo wutar guga. Mai gadi. Ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti. Ɗan kasuwar da bashi ya hana shi runtsawa. Ban manta da ƙwaya ba. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol bai bar unguwanninmu ba, kuma shan sa da yawa yana sa fizgar jiki, har ya kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaro yana shan wannan a ɓoye, iyaye suna yi masa hayaƙin aljanu a fili.

Ɓarnar tana da fuska ta biyu, kuma ta fi muni. Yadda muke mayar da lafiyayye majinyaci, haka muke riƙe majinyacin gaske a gida har lokaci ya ƙure. Ba kowace fizga ce ta banza ba. Matashin da hannunsa yake fizga da safe bayan ya farka, har kofin shayi ya suɓuce masa, wannan yana iya zama wani nau'in farfaɗiya da ke farawa a shekarun balaga. Wanda yake tashi ya ga ya ciji harshe, ko ya jiƙa shimfiɗa, ko ya daɗe bai san inda yake ba, asibiti ne wurinsa. Haka jaririn da yake dunƙulewa yana saki a jere sau da yawa in ya farka. Haka mai minsharin da numfashinsa yake ɗaukewa ya farka a shaƙe, don wannan yana tafiya da hawan jini. Haka mai juna biyun da ƙafafunta suke hana ta sakat da dare, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini. In kuwa ƙarar ta zo da matsanancin ciwon kai farat ɗaya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ba a jiran gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Asibitin Malam Aminu Kano yana da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ga asibitin Murtala, ga na Dawanau. Amma yara nawa ne ake cire su daga makaranta ana zagaye da su gidajen masu magani shekara da shekaru, ana gudun yawunsu wai yana yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗawa?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane ba don wauta suke zuwa shagunan nan ba. Mai shago yana ba ka kujera, ya saurare ka rabin awa, ya kira abin da ke damunka da suna, cikin Hausar da kake ji. A asibiti kuwa ka yi sammako ka bi layi, ka shiga ka ce kana jin ƙara a kanka in za ka yi barci, a duba ka sama da ƙasa a ce maleriya ce ko taifot, ko a ce "ba komai" a kira na gaba. "Ba komai" ba bayani ba ne. Mutumin da ya ji bam a cikin kansa ya san akwai komai. Abin da abokina ya yi mini a tsaye cikin minti biyar a bakin masallaci, da misalin Kantin Kwari, shi ne abin da ƙanena yake buƙata tun daren farko, kuma bai fi ƙarfin ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi ba in an koya masa.

Gidajen rediyonmu ma sai sun duba kansu. Kano garin rediyo ne, a kowane shago da kowace a-daidaita-sahu akwai mai magana. Kunna da dare ka ƙirga filayen da aka sayar wa masu jero alamomin shafar aljanu da lambar waya a ƙarshe, sannan ka ƙirga filayen da likita yake bayanin barci. Ga motocin lasifika a bakin kasuwanni suna yin irin wannan kiran. Doka ta ce tallar magani sai da amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma jihar nan tana da hukumar da ke sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Ban ce a rufe bakin kowa ba, akwai malamai na Allah masu yi wa mutum addu'a su ce ya tafi asibiti, na san su, ina girmama su. Amma wanda zai hau iska ya gaya wa miliyoyin mutane cewa zaburar da bakwai cikin goma suke yi alamar sihiri ce, ya kamata a sami mai tambayarsa hujja. Malaman da ke hawa mumbari ma huɗuba ɗaya a kan hadisin Khalid za ta rage wa shagunan nan ciniki fiye da kamen hukuma.

Wanda yake ganin na cika zafi a kan ƙaramin abu, ya tuna hukuncin da wata babbar kotu ta yanke a nan Kano a watan Fabrairun 2025. Mutum biyar aka yanke wa hukuncin kisa saboda sun kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta, a wani ƙauye na jihar nan, bisa zargin maita. Mafarin abin, matar ɗaya daga cikinsu ce ba ta da lafiya, ta yi mafarkin dattijuwar tana bin ta da wuƙa. Mafarki. Daga abin da ƙwaƙwalwar mara lafiya ta nuna mata cikin dare aka rasa rai ɗaya, aka yanke wa biyar hukuncin igiya. Da na karanta labarin, fuskar Iya ce ta faɗo mini.

Ƙanena dai da kyar na shawo kansa. Na ce ya ba ni mako biyu kawai: ba shayi bayan la'asar, ba lemon gwangwani, waya ta kwana a ɗakina, ya kwanta sha ɗaya a ɓangaren dama bayan ya yi addu'o'insa, in ya sami sarari ya yi ƙailula ko ta minti ashirin ce a inuwar masallaci bayan azahar. Ya ce, "Yaya, wannan ai horo ne." Na ce ya fi hayaƙi araha. Damina ma ta taimaka, gari ya yi sanyi. Ƙarar ta sake zuwa sau ɗaya a makon farko, ya ce da ya ji ta sai ya tuna mai sako ƙofar shago, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Zaburar kuwa har yanzu yana yi jefi-jefi, kamar yadda nake yi, kamar yadda Umma ma ta amsa tana yi da na matsa mata.

Umma ta ce ruwan tofin ne ya yi aiki a hankali. Ban ja da ita ba, uwa ce. Na dai roƙe ta abu ɗaya, ta bar juye abincin Iya. Ta ce to. Amma tsofaffi ba a yi musu ɓoyo, ban san wanda ya kai mata maganar ba, ko kuwa a fuska ta karanta. Tun kafin babbar salla kwanonta ya daina shigowa gidanmu. Jiya da safe na wuce ta a ƙofar gida tana shara, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi jikin ƙanena, ta ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ba ta ɗago ta dube ni ba.